Maƙwabciyata ta Leipzig da Ƙauyensu da Aka Tone

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Gombe ce, a Bolari na tashi, amma asalin gidanmu Kumo ne, kuma dangin mahaifiyata har gobe suna ƙauyukan ƙasar Akko suna noma da kiwo. Labarin ƙasa na karanta a jami'a. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 Allah ya nufe ni da zuwa birnin Leipzig na ƙasar Jamus a tsarin musayar ɗalibai, na yi zango biyu a can, na dawo gida na ƙarasa digirina. Ƙannena mata da ke makaranta sun hana ni sakat sai na rubuta yadda zaman ya kasance. To ga shi, iya abin da idona ya gani.

Damar ta zo ne a lokacin da ba mai tsammanin wani alheri daga wajen jami'a. Yajin aikin malamai na 2022 ya fara a Fabrairu, bai ƙare ba sai Oktoba, ni kuwa ina gida ina taya mahaifiyata Dada ƙulla zoɓo da kunun aya. Wani malaminmu da ya yi digirinsa na uku a Jamus shi ya turo saƙo a zauren WhatsApp na ajinmu, cewa akwai gurbi a ƙarƙashin Erasmus+. Shiri ne na Tarayyar Turai da aka fara tun 1987 don ɗalibansu su riƙa zagayawa tsakanin ƙasashensu, daga 2015 kuma aka buɗe shi ga jami'o'in wasu nahiyoyi. Ba ƙaura ake yi ba. Kana nan ɗalibin jami'arka, ka je ka yi zango ɗaya ko biyu ba tare da biyan kuɗin makaranta ba, a ba ka tallafin wata-wata, ka dawo a haɗa makinka da na gida. Yawancin 'yan ajinmu sun ɗauka 'yan damfara ne suka shiga wayar malam. Mu kaɗan muka cike takardun.

Samun gurbin bai kai samun izinin gida wuya ba. Baba bai ƙi ba, don shi tun yana saurayi yake sauraron Sashen Hausa na DW, a wajensa Jamus ba baƙuwar ƙasa ba ce. Baffa ne, yayan Baba, ya tsaya kai da fata.

"Yarinya ba aure, ba muharrami, a ɗauke ta a kai ta ƙasar da ko kiran sallah ba a ji? Ba da yawuna ba."

Aka yi ta zama ana tashi. Goggo ce ta kashe maganar, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Ta ce masa, "Hamma, yarinyar nan shekara nawa tana fita jami'a tana dawowa? Wa ya taɓa kawo maka ƙararta? Wanda ya tsare ta a Gombe shi zai tsare ta a can." Baffa ya yi shiru, daga baya ya sa sharaɗin in riƙa kiransa kowace Juma'a. Na kuwa cika, har ya zama shi ne mai yawan tambayata labarin Turawa fiye da kowa.

Jakata ta cika da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, tsamiya da garin kunu. Kilishi da man shanun da Goggo ta tanada kuwa a gida suka kwana, don malam ya gargaɗe ni cewa ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko wani abu na madara. Goggo ta ce ita ba ta taɓa jin ƙasar da ke gaba da man shanu ba.

Leipzig tana gabashin Jamus ne, a jihar Saxony, ɓangaren da ya zauna a ƙarƙashin mulkin gurguzu har zuwa haɗewar ƙasar a 1990. Mutanenta sun haura dubu 600. Jami'arta tun 1409 take, kuma a nan Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus, ta yi karatun kimiyyar fiziks. Ban sami ɗaki a gidajen ɗalibai ba, sai na kama ɗaki ɗaya a wani gida na haya a unguwar Grünau, can yammacin gari, inda gwamnatin gurguzu ta jera dogayen benaye na kankare a shekarun 1970 da 1980. Mu uku muke raba kicin da banɗaki: ni, da wata 'yar Yukiren da yaƙi ya koro, da wata ɗaliba mai karanta haɗa magunguna wadda iyayenta 'yan Biyetnam ne amma a Jamus aka haife ta.

Abin da ya fara gajiyar da ni ba sanyi ba ne, takarda ce. Doka ta ce duk wanda ya tare a gida sai ya je ya yi rajistar adireshinsa cikin mako biyu, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. Sai da wannan rajista za ka buɗe asusun banki, sai da asusun tallafinka zai shigo. Ga takardar inshorar lafiya, ga ta shiga jami'a, ga ta izinin zama. Ba a zuwa ofis haka kawai, sai ka nemi rana da lokaci ta intanet, in an ce ƙarfe tara da minti ashirin, to tara da minti ashirin ɗin ce. Kuma duk wayewarsu, wasiƙa suke turowa a ambulan, a jefa a akwatin da ke ƙofar bene, in babu sunanka a jikin akwatin ta koma. Har kuɗin rediyo da talabijin akwai, yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo, mu uku muka riƙa raba shi. 'Yar Biyetnam ɗin ta raka ni kanti ta sa na sayi babban fayil da abin huda takarda, ta ce kada in kuskura in yar da ko guda. A raina na ce waɗannan mutane aiki ne ya yi musu kaɗan.

Sai sanyi ya shigo. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, wajen huɗu na yamma ta faɗi, ranar da ta ga dama ta fito ke nan. Zuwanta kamar na mai gaisuwar mutuwa ne: ta leƙo, ba ta zauna ba, ta tafi. Azahar da La'asar da Magariba duk sai su faɗo a cikin awa huɗu, a tsakiyar lakca. Na koyi yin alwala tun daga gida, na tambayi malamin Islamiyyarmu hukuncin shafa a kan huffi, na nemo wani lungu a ɗakin karatu inda nake shimfiɗa ɗankwalina. Ba wanda ya taɓa hana ni, ba kuma wanda ya taɓa tambayata me nake yi. Wannan rashin tambayar ya fi komai yi mini ciwo a farko. Za ka shiga jirgin cikin gari, mai bin titi da lantarki, ya cika maƙil, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙafafunsa. Ba sannu, ba ina gajiya. Ni da na saba kafin in kai bakin titi daga gidanmu na gaisa da mutum goma, sai ga shi ina wuni ban buɗe baki ba sai in malami ya jefo mini tambaya.

A aji kam na ji daɗi. Ɗalibi zai ce wa farfesa bai yarda da maganarsa ba, farfesan ya gyara tsayuwa ya ce kawo hujjarka. In an gama lakca ba tafi ake yi ba, ƙwanƙwasa tebur ake yi da bayan yatsu. Makinsu ma a juye yake, 1.0 shi ne ƙoli, 4.0 shi ne tsallake rijiya da baya. Da na gaya wa Baba na sami 1.7 a jarrabawar farko, sai na ji ya yi salati, ya ce ko karatun ya fi ƙarfina ne. Da ƙyar na fahimtar da shi. Wani abin da ya ba ni dariya kuma, wata Baturiya a wurin cin abincin ɗalibai ta ji ina waya, ta jira na gama, ta matso ta gaishe ni da Hausa tiryan-tiryan, irin ta littafi. Ashe a sashen nazarin Afirka na jami'ar suna koyar da Hausa.

Maganar kuɗi kuwa, a gida an riga an yi mini lissafi. Lokacin yuro ɗaya ya haura naira 700 a kasuwar bayan fage, sai kowa ya ɗauki tallafina ya ninka, ya ga na zama hajiya. Ba wanda ya cire haya, da inshora, da rigar sanyi, da abinci a shekarar da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa komai ya yi tsada. Saƙonnin a sayo mini waya sun fi na ya karatu yawa. Da aka shiga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, na riƙa tsimin abin da zan iya ina tura wa Dada, sauran kuma na koyi cewa "Allah ya hore" in yi shiru.

Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da wani mutum a tashar jirgi ya tsaya a gabana yana nuna hijabina yana ɗaga murya. Ban gane duk abin da ya faɗa ba, amma ba sai an fassara wa mutum zagi ba. Mutane suna tsaye, kowa ya kau da kai, sai wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba ta zo ta tsaya kusa da ni har jirgi ya iso. 'Yan ajinmu ma sun gaya mini ƙananan garuruwan da bai kamata in je ni kaɗai da dare ba. Inda nake sakin jiki shi ne titin Eisenbahnstrasse, wanda 'yan gari da yawa ke tsoro. Nan shagunan Larabawa da Turkawa suke, nan nake sayen naman halal, da wake, da attaruhu, nan kuma ake amsa mini sallama.

Yanzu bari in zo kan maƙwabciyar tawa, wata tsohuwa.

Wata Lahadi da safe na ɗauko ɗan turmin da na saya a shagon 'yan Asiya, na hau dakan daddawa da barkono. Da na fito da rana sai na tarar da takarda manne a ƙofarmu, rubutun hannu mai kyau, cewa Lahadi ranar hutu ce a gidan nan, a kiyaye. An sa kwanan wata, an sa hannu. Tsohuwar da ke ƙofar da ke kallon tamu ce. Raina ya ɓaci, na kira Dada ina mita. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Tsohuwa ce? Ita da wa take zaune?" Na ce ita kaɗai. Ta ce, "To ke kina da uwa a waya, ita wa take da shi? Maƙwabci ba a amsa masa da takarda. Ki soya ƙosai ki kai mata."

Na kai. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta dube ni, ta dubi kwanon, ta karɓa ba fara'a. Bayan kwana biyu na tarar da kwanona a bakin ƙofa da kek na tuffa a ciki, da wata takardar kuma. Wannan karon jerin duk abin da ta zuba a kek ɗin ne, a ƙasa ta ja layi biyu a ƙarƙashin: babu giya, babu kitsen alade. Daga nan na fara ɗaukar mata kaya in mun haɗu a ƙasa, ita kuma ta fara kirana shan shayi ranar Lahadi da la'asar. Ta haura tamanin. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya ya tafi yammacin ƙasar neman aiki bayan 1990 bai dawo ba sai ziyara. A makarantarsu Rashanci aka koya musu ba Turanci ba, ni kuma Jamusancina na koyo ne, sai mu haɗa da hannu da fassarar waya. A gidanmu har suna aka sa mata, Goggon Jamus, kuma Dada ba ta kashe waya sai ta ce a gaishe ta.

A zango na biyu na ɗauki darasi a kan yadda ake farfaɗo da ƙasa bayan haƙar ma'adinai. Kudancin Leipzig cike yake da tafkuna masu kyau, da rairayi a baki, da jiragen ruwa na shaƙatawa. Tun zuwana na je bakin tafkin Cospuden na ɗauki hotuna na tura gida, ƙawayena suna ta cewa lallai Turai aljannar duniya ce. A wannan darasin na san cewa ba ko ɗaya a cikinsu da Allah ya halitta a tafki. Duk ramukan kwal ne. Yankin yana kan wani irin kwal mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai laushi da danshi, wanda ba ya da nisa a ƙasa, don haka ba rami ake shiga ba, saman ƙasar gaba ɗaya ake yaye wa. Jamus ta Gabas ba ta da man fetur, da wannan kwal ta dogara wajen wuta da ɗumama gidaje da masana'antu. Malaminmu ya kai mu bakin wata mahaƙa da ke aiki har yanzu. Na tsaya ina hangen ramin, ƙarshensa ya ɓace mini, injin da ke cin ƙasar ya fi benenmu tsawo.

Abin da ya fi zama mini a kai shi ne bayanin ruwa. Kafin a haƙa, sai an zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa na duk kewayen, rijiyoyi su ƙafe. Ƙasar da aka tono kuma tana ɗauke da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta, wanda muddin yana binne ba ya cutar da kowa, amma da ya sha iska ya haɗu da ruwa sai ya zama asid. In aka daina haƙa ruwa ya dawo, da wannan tsamin yake dawowa, da tsatsar ƙarfe. Shi ya sa kogin Pleisse da ke ratsa Leipzig yake yin ja-ja a wasu wurare. Don kada tafkunan su zama guba, sai da aka daidaita gaɓoɓinsu kada su zabtare, aka jawo ruwa mai kyau ta bututu aka cika su da sauri, wasu aka riƙa zuba musu farar ƙasa, kuma har yau ana auna su a kai a kai. Kamfani guda gwamnati ta kafa don wannan aiki kawai, an kashe biliyoyin yuro. Tafkin Cospuden an fara cika shi a 1993, ba a buɗe shi ga jama'a ba sai 2000. Kuma ba don Allah aka tsayar da haƙar wurin ba. A 1990 mutanen gari ne suka fito suka ce ba za a ci dajin da ke gefen birni ba, watanni kaɗan bayan zanga-zangar Litinin-Litinin da ta taso daga majami'ar Nikolai, wadda a ranar 9 ga Oktoba 1989 ta tara mutum kusan dubu 70 ta girgiza mulkin gurguzu.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan fitarmu zuwa tafkin Zwenkau, ɗaya daga cikin tafkunan nan, na nuna wa tsohuwar hotunan a wayata, ina ta yaba kyan wurin. Ta gyara tabarau, ta ce in ƙara girman hoton. Ta ce ita 'yar Eythra ce. Ban san sunan ba. Ta ce ba zan sani ba, don babu shi, a shekarun 1980 aka tashe su aka rushe garin aka haƙe kwal ɗin da ke ƙarƙashinsa, inda ruwan nan yake nan ne. Mutum sama da dubu biyu, da majami'arsu, da makarantarsu. Da yawansu nan Grünau aka kawo su.

Ta tashi ta ɗauko fayil, irin nawa sak, sai dai ya tsufa. Wasiƙar da aka sanar da su ranar tashi tana ciki. Takardar da aka ƙirga itatuwan lambunsu ɗaya bayan ɗaya, tuffa nawa, wane iri, shekararsa nawa, nawa aka biya. Taswirar layinsu da ta zana da hannunta, kowane gida da sunan masu shi. Hotunan titi kafin rusau. Da takardar da ta nuna inda aka mayar da ƙasusuwan iyayenta, don har maƙabarta aka tashi. Nan na kasa shan shayin.

Ba ta yi mini kuka ba, ba ta kuma zagi kowa ba. Ta ce mijinta ma a mahaƙar yake aiki, da albashin kwal suka ci suka sha. Ta ce gidan benen nan da aka ba su yana da ruwan zafi da banɗaki a ciki, abin da gidansu na ƙauye ba shi da shi, kuma ba ta kewar ɗibar toka da asuba. Abin da ba a biya ba, in ji ta, shi ne maƙwabta. An watsa layinsu a benaye daban-daban, wadda kuka yi shekara talatin kuna miƙa wa juna gishiri ta katanga sai ku koma haɗuwa a jana'iza. A zamanin kuma ba a cewa a'a. Waɗanda suka rage suna haɗuwa lokaci-lokaci, kowa ya zo da fayil ɗinsa, su haɗa abin da suka tuna. Na tambaye ta me ya sa ta adana duk wannan. Ta dube ni da mamaki, ta ce in ba ta adana ba, wa zai yarda an taɓa yin garin?

Daren nan ban yi barci da wuri ba, don hankalina ya tafi Akko. A Maiganga ana haƙar kwal, a buɗe kamar nasu, ana kai wa masana'antar siminti, kuma an tashi mutanen ƙauyen an sake musu matsuguni. Ƙauyen su Kawu ba shi da nisa da wurin. Tun ina yarinya nake ganin manyan motocin suna wucewa, na yi shekara uku ina karanta labarin ƙasa, amma ban taɓa jin wani ya tambayi yadda ramin zai kasance ranar da kwal ya ƙare ba, ko wa ya san zurfin rijiyoyin yankin da ɗanɗanon ruwansu kafin a fara. Mu abinmu a ka yake. Dattijo zai nuna maka iyakar gonar kakansa daga tsamiya zuwa dutse ba kuskure, amma ranar da aka sare tsamiyar, aka binne dattijon, shi ke nan.

'Yan ajinmu kuwa a lokacin zancensu ɗaya ne, kwal. A Janairun 2023 aka kwashe masu zanga-zanga daga ƙauyen Lützerath a yammacin ƙasar don faɗaɗa wata mahaƙa, wasunsu har can suka je. Jamus ta yi doka a 2020 cewa za ta daina ƙona kwal nan da 2038, su kuma suna ganin ya yi nisa. Suka tambaye ni ra'ayina, suna jiran in ce a rufe komai gobe. Na ce musu ni daga garin da ake murna in an kawo wuta na fito, kuma ɗumin da ke ɗakina a Grünau ma daga tashar wutar lantarki ta Lippendorf yake zuwa, wadda kwal take ƙonawa, ana hango hayaƙinta daga bakin tafkin da suke wanka. Ba zan je Gombe in ce kada a taɓa arzikin ƙasa ba, alhali matasa na neman aiki kuma kowa na son buhun siminti. Abin da zan ce shi ne a rubuta yadda aka sami wuri kafin a taɓa shi, a kuma san wanda zai gyara da kuɗin da zai gyara tun kafin a sa injin. Wasu ba su ji daɗin amsar ba. Malamin dai ya ce in mayar da ita rubutun ƙarshen zango, na kuwa yi.

Azumi ya kama a 23 ga Maris. Ba zafin Gombe, amma yinin yana ta ƙara tsawo, musamman da aka tura agogo gaba da awa ɗaya a ƙarshen watan, har shan ruwa ya kai bayan ƙarfe takwas. Wasu ranakun a masallaci nake buɗe baki da 'yan'uwa mata 'yan Siriya da Pakistan. Sallah ta faɗo ranar Juma'a 21 ga Afrilu, ba hutu, daga idi na wuce aji da lallen da na zana wa kaina. Da aka kira ni ta bidiyo na ga tsakar gidanmu cike, ana ta rabon tuwon sallah, na kashe na sha kukana. Da yamma na kai wa tsohuwar shinkafa da miyar kaza, ta ci tana shan ruwa tana cewa yajin zai kashe ta, ba ta kuma bar ko ƙwaya ba.

Na dawo da damina, na tarar an cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka, kowa na kuka. Tambayar da aka fi yi mini ita ce me ya sa ban ɓuya a can ba. Na sa hannu cewa zan dawo, malaminmu ne ya tsaya mini, in na gudu na rufe ƙofa ga na bayana. Kuma na ga 'yan Afirka da ke zaune ba takarda a can, na ga irin rayuwar, ba na yi wa maƙiyina fatanta.

Aikin bincikena na ƙarshe a ƙasar Akko na yi shi. Na ari na'urar auna tsamin ruwa a sashenmu, na sayi igiya mai awo da littafi mai bango mai ƙarfi, Kawu ya ɗauke ni a babur muna bin rijiyoyi da burtsatse. Kowace in rubuta inda take, zurfinta, shekarar da aka haƙa ta in an tuna, da abin da na'ura ta nuna. Bayan haka sai in zauna da dattawa su faɗa mini sunayen gonaki, da burtalin shanu, da inda tsofaffin kaburbura suke, ina zanawa. Ba ko'ina aka karɓe ni hannu biyu ba. Wani mai unguwa ya tsare ni da ido ya ce, "'Yata, wa ya aiko ki? Gwamnati ko kamfani?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar ƙanwata ce, jikar gidan nan ce, ba wanda ya aiko ta." Ya ce to in na gama rubutun a ina zai zauna? Na ce kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya a hannunsa. Ya ce sai ya gani. Da na kammala na buga na kai masa har gida, ya sa ɗansa ya karanta masa sunayen gonakin, ya gyara mini guda biyu da na rubuta ba daidai da yadda suke faɗa ba, ya kuma aika a kira wani tsoho da ya ce ya fi shi sanin ɓangaren gabas.

Awon da na yi na rani ne da na damina ɗaya kawai, kuma malamina ya gaya mini gaskiya cewa da wannan ba za a ce ruwa ya canza ko bai canza ba, sai an maimaita shekara da shekaru a rijiyoyi ɗaya. Na'urar ta koma sashe, yanzu ina tara kuɗin sayen tawa. Ɗalibai biyu 'yan aji uku, ɗaya 'yar Kumo ɗaya ɗan Pindiga, sun karɓi kwafin littafin, kuma mun yi da su za mu sake zagayen a watan Maris, lokacin da ruwan rijiyoyi ke yin ƙasa.